Farin Ƙyallen Kawu

Kawuna ya shekara talatin yana jigilar yashi da keken doki. Mutum ne da zai tari ingarma mai harbi da hannu ɗaya, amma in ya ga allura sai jikinsa ya ɗauki ɓari. Mun sha yi masa dariya, har matarsa kan ce a ajiye sirinji a bakin ƙofa in ana so ya zauna a gida.

Goɗiyarsa Kili ita ce ransa. Da likitan dabbobi ya zo rigakafi, aka yi mata allurar farko, wuyanta ya kumbura kwana biyu. Ranar allura ta biyu Kawu ya ɗaura mata keke ya sulale da ita. Na faɗa masa rigakafi ya fi magani, ya ce ni yaushe na taɓa riƙe linzami.

Ba a yi wata ba sai ga maƙwabcinsa a barga ya zo aron bokiti, nasa ya fashe. Kawu ya ji dokin mutumin yana tari, amma kunya ta hana shi cewa a'a. Da aka dawo da bokitin, ɗauraya ɗaya ya yi masa ya ba Kili ruwa. Bayan kwana huɗu dokin maƙwabcin ya kwanta, majina na zuba, bai ƙara tashi ba.

Daga nan tsoro ya shige mu. Kullum da safe Kawu kan goge hancin Kili da farin ƙyalle, ya fito da shi haske yana dubawa. In ta yi atishawa sai ya sake ɗauko ƙyallen. Ni ma na daina tsokanarsa.

Rana ta tara ta bar dusarta. Ƙyallen ya fito rawaya.

Da likita ya iso, Kawu ya kama hannunsa. "Likita, ga wuyanta. Yi mata ta biyun, ni zan riƙe ta."

"Baba, wancan lokacin ya wuce. Sai dai mu gwada magani."

Allura goma sha ɗaya aka yi mata, kowacce Kawu na rungume da kanta, idonsa a buɗe. Ba ta kai ta goma sha biyu ba.

Yanzu ya tsufa, ba shi da doki. Amma duk ranar rigakafi yana bakin barga tun kafin likita, yana bin turke turke yana tambayar wa ya rage.