Akori-kurata da Jarkar Zamzam ɗin Baba

A shekarun da kuɗin mai suka fara yawo a ƙasar nan, ni bazawara ce a Jibiya. Mijina ya rasu ya bar ni da 'ya'ya da sana'ar atamfa, ina sarowa a Kano in kai Maraɗi. Kasuwa ta buɗe, kowa na sayen mota, ni ma na ce na gaji da zaman jiran motar haya a tasha da ƙunshin kaya a cinya. Sai ƙanen marigayi mijina ya ce ga tsohuwar akori-kurarsa nan, ya sayar mini, kuma shi zai riƙa ja mini ita tunda direba ne. Ya rantse inji lafiya lau. Kunyar surukuta ta hana ni kai ta wurin bakanike, na biya kawai.

Tun makon farko na ga abin da bai kwanta mini ba. Allurar zafi ba ta zama wuri ɗaya, ko garin Daddara da ke kusa ba mu kai ba ta fara hawa. In ya buɗe lagireto, tururin da ke fitowa sai ya sa mutum atishawa. Na tambaye shi, ya yi dariya ya ce mata ina suka san mota, tsohon inji ai sai da ɗumi. Daga baya na ji ashe lagireton a huje yake, garin barkono yake zubawa ya toshe hujin na ɗan lokaci. Da barkono aka sayar mini da mota, jama'a!

A shekarar Baba ya dawo daga aikin Hajji. Tsarabar da ya fi ji da ita jarkar zamzam ce ƙarama, ko mu 'ya'yansa bai ɗanɗana mana ba. Ya ce ta yayansa ce, wanda ke kwance ba lafiya a wani ƙauye bayan an tsallaka iyaka, ya yi masa alkawari tun kafin ya tafi. Da saƙo ya zo cewa jikin ya tsananta, Baba ya shirya zai bi motar haya. Ni ce na hana, don ina so a ga uban mai mota ya sauka a motar 'yarsa. Ya rungume jarkar a cinya, na lallashe shi aka sa ta a baya tare da jarkokin ruwan inji.

Lokacin bazara ne, rana kamar ta fasa kai. Layin bakin iyaka ya yi tsawo, muka daɗe inji na aiki, kafin mu bar wajen 'yan duwan, wato kwastan, motar ta sha rabin ruwanmu. Can cikin daji ta tafasa ta tsaya, aka juye mata sauran, har na butar alwalla, amma bai ishe ta ba. Azahar ta yi, na raka Baba gindin wani gawo ya yi taimama ya yi salla. Muna dawowa muka tarar mota ta tashi, direba na murmushi. A ƙauyen gaba ya tsaya bakin rijiya, ya ce bari ya cika jarkokin inji. Ban kawo komai a raina ba.

Mun iske tsohon da sauran numfashi. Baba ya zuba ruwan a ƙoƙo da hannunsa, ya ɗago kan yayansa ya ba shi. Ya sha, ya yi hamdala, hawaye na bin kuncinsa, yana sa wa Baba albarka. Sai Baba ya kurɓi abin da ya rage a ƙoƙon. Wanda ya sha zamzam a Makka ba ya mance ɗanɗanonsa. Ya ɗago ya dube ni kawai, don ba zai faɗa a gaban mai mutuwa ba. Kafin la'asar tsohon ya cika.

Na tsare direban a bayan gida. Ko musu bai yi ba cewa zamzam ɗin ya juye wa inji, ya cika jarkar da ruwan rijiya. Ya ce da me zai tada mota a dajin da babu ruwa, kuma ai ruwa ruwa ne, tsoho ya sha ya ji daɗi. Wallahi har yau in na tuna fuskarsa sai zuciyata ta tafasa. Na je na durƙusa gaban Baba na faɗa masa wanda ya yi. Ya tambaye ni motar ta wace ce, kuma wa ya ce a sa jarkar a baya. Da aka gama zaman makoki, motar haya ya biyo ya dawo gida.

Na kori mutumin, na sayar da motar ga masu ɓaɓɓalle ta su sayar da kayanta. Shi kuwa yana nan yana yawo a gari, ana gaishe shi da mutunci. Ina jan kunnen duk mai sayen tsohuwar mota, musamman 'yan'uwana mata: ku kai ta wurin bakaniken da kuka yarda da shi ko da ɗan'uwa ne ya sayar muku, kuma in allura ta fara hawa kada rantsuwar kowa ta rufe muku baki. Kada ku ɗora mata abin da ba a samun madadinsa. Na sayi sabuwa dal daga baya, na kai ta ƙofar gida don Baba ya sa albarka. Ya sa daga zaure, amma har ya koma ga Allah bai sake shiga motata ba.