Sanyin da Ya Ƙona Ni a Suleja

Edita, lokacin da wannan abu ya same ni, yarinya ce ni ɗanya, ban daɗe da aure ba. Mijina kafinta ne. Ya ɗauko ni daga Kano muka kama ɗaki a wani gidan haya a Kwamba, a shekarun nan da gwamnati ta taso daga Legas, kowa ya nufo Abuja neman abinci. Da sassafe yake bin motar ma'aikata zuwa wurin gini, ni kuwa zaman ɗaki ya ishe ni, har ya amince na kama aikin girki a wani kamfani da ke hanyar Madalla. Kamfanin iskar oksijin yake sayarwa, wadda masu walda da asibitoci ke saye cikin dogayen tukwanen ƙarfe. Amma ba a matsayin iska take iso mana ba. Tanka ce ke kawo ta kamar ruwa, saboda tsananin sanyin da aka ba ta, a juye a wani ƙaton farin tanki da ke tsakar fili, daga nan a mai da ita iska a ɗura a tukwanen.

Mu biyu ne a rumfar girki, ni da wata mata 'yar Filato, Kirista, mai 'ya'ya uku. Ina ce mata Yaya, tana ce mini Amarya. Har yau ina tuna zaman nan. Muna tsintar wake muna hango Dutsen Zuma, rediyonta na rataye jikin ginshiƙi, ma'aikata na leƙowa suna tsokanarmu da Hausarsu mai haɗe da Turancin kasuwa. Ita ta koya mini gwaten acca, ni na koya mata dambu. Ran Asabar kitso take yi a ƙofar ɗakinta, matan unguwa har layi suke yi, amma ni ba ta taɓa barina na jira ba. In Kirsimeti ta zo, sai ta kawo wa mijina kajinta ya yanka, don kawai mu ma mu ci.

Da bazara ta kama, cikina na fari ya tsufa, ga zafin Suleja, ga wutar itace. A nan na gano wani abu. Duk ranar da tanka ta zo juye kaya, bututun tankin sai su yi fari fat da ƙanƙara, wani farin hayaƙi mai sanyi ya riƙa kwarara a ƙasa yana fitowa ta bayan wayar da aka kewaye wurin da ita. Ba ya wari, ba ya shaƙe mutum. Sai in zagaya in tsaya a ciki, in ɗan buɗa zanina sanyin ya ratsa ni. Akwai allo da hoton taba an ja mata jan layi, na ɗauka da maza mashaya ake. Yaya ta sha ce mini hankalinta bai kwanta da abin ba, in bar zuwa. Direban tankar ma ya taɓa daka mini tsawa, na dawo ina ce mata mutumin nan ko sanyin Allah rowarsa yake yi, muka yi ta dariya.

Ranar da abin ya faru, tanka ta zo da rana tsaka, mun ɗora wake. Na daɗe a cikin hayaƙin fiye da kullum, har sai da na tuna da tukunya. Na dawo kai tsaye na sunkuya zan iza wuta. Wallahi ban taɓa wutar ba, tartsatsi ɗaya ne ya faɗo a gefen zanina. Kafin in ɗago, atamfar ta kama gaba ɗaya kamar an tsoma ta a fetur, wuta mai haske da ban taɓa ganin irinta ba. Na zabura zan ruga waje.

“Amarya, kar ki gudu! Tsaya!” Abin da na ji ke nan, sai ga Yaya ta tare ni. Da hannunta tsirara ta kama zanin tana yagewa, ta fizge mayafin ta jefar, ta ja ni bakin duron ruwa ta riƙa sheƙa mini ruwa tana kiran sunan Ubangiji da yarensu. Da maza suka iso, zaninta ta kwance ta rufa mini. Sai a motar kai mu asibiti na ga hannayenta, na kau da kai.

Na ƙone daga cinya zuwa ƙwauri. Amma a asibiti ba ƙunar ke damuna ba, cikin ne, don tun da abin ya faru bai motsa ba. Mijina ya iso da garin katako a jikinsa. Wata ma'aikaciyar jinya ta kafa ƙahon sauraren ciki a cikina ta daɗe tana saurare, sannan ta ce zuciyar abin da ke cikin na bugawa. Yaya da ke gadon kusa da ni, hannaye a naɗe, ta riga ni fashewa da kuka.

Injiniyan kamfanin ne ya zo dubiya ya yi mana bayani. Ya ce oksijin ita kanta ba ta ci da wuta, amma duk abin da ya sha ta, ƙiris yake jira. Tufafi na riƙe ta kamar yadda suke riƙe turare, don haka wanda ya tsaya a wurin sai ya daɗe a sarari iska ta kaɗa shi kafin ya kusanci wuta. Ya ce ma'aikatan tanki duk an koya musu haka, mu na kicin ne ba wanda ya tuna da mu. Ya faɗi haka kansa a sunkuye.

Na haifi 'yata lafiya. Ran suna Yaya ta zo, ba ta iya ɗaukar jaririyar ba, sai aka kwantar mata a kan damatsanta. Yatsunta sun warke a ƙanƙance, kitso ya gagare ta har abada. Na nemi gafararta, ta ce in na sake wannan magana za mu ɓata. Bayan 'yan shekaru aka yi wa mijinta canjin wurin aiki suka tashi, mu ma muka koma Kano. Lokacin babu waya a hannun talaka, haka muka rabu. Na koma Suleja nemanta daga baya, na tarar kamfanin ya rufe, shaguna sun cike filin, a gidan hayarsu kuma ba wanda ya san ta.

Abin da nake so masu karatu su ɗauka shi ne, duk inda kuka ga tankin iskar da aka sanyaya yana fitar da farin hayaƙi, ku yi nesa da shi, komai zafin rana. In an hana ku abu a wurin aiki, ku tambayi dalili maimakon ku yi dariya. Masu kamfanoni kuma, mai girki da mai shara da mai gadi su ma rai gare su, ku yi musu bayani da harshen da suke ji. Ni tabona zani na rufe shi. Wadda ba ta taɓa shiga hayaƙin nan ba, nata tabon a hannu yake, inda kowa ke gani. Yaya, in wannan ya iso gare ki, yarinyar ta girma har ta yi nata 'ya'yan, kuma kullum tana sa ki a addu'a.