Gwaggo ta ce ko in karɓa ko ta rufe shago

Kowa ce mini yake Guangzhou garin kayan jabu ne da ya tashi jiya-jiya. Ƙarya ne. Tun ba a yi wa Kano ganuwa ba mutanen nan suke ciniki da baƙi.

Da asuba muka bar Kano ni da gwaggona, muka yada zango a Addis Ababa. Ta daɗe tana saro yadi daga can tana kawowa kasuwar Kwari, amma yanzu gwiwa ta ƙi. Tun a jirgi ta ce, "Tafiyata ta ƙarshe ke nan. Ko ki karɓi hanyar, ko in rufe shago." Na ce ni riƙon jaka kawai na zo yi.

Garin akwai zafi mai jiƙa riga, amma komai a tsare. Jirginsu na ƙarƙashin ƙasa ba ya jiran kowa, ni ma ba na son jira, shi ya sa jininmu ya haɗu. A shagon Musulmin China muka ci taliyar da ake ja da hannu. Aka miƙo mini tsinke biyu, na ce a taimaka da cokali, ba wasa na zo yi ba.

A unguwar Liwan muka shiga wurin wata dattijuwa, laoban ɗin Gwaggo, wato mai shago. Ta zuba shayi a wani ɗan kofi kamar murfin kwalba. Na ture shi gefe, na nuna mata hoton yadi a waya. Ta ce, "Meyo." Babu. Alhali ga shi can a bayanta ina gani!

"Ke, zauna," in ji Gwaggo. "Kare ne ya biyo ki?"

Ta ƙwanƙwasa tebur da yatsu biyu, godiyar shayi ke nan a wurinsu. Suka yi ta hirar jikoki da hannu da waya, ni ina ta cika ina batsewa. Sai da buta ta kusa ƙarewa yadin ya fito, har da wani sabo da ko ratayewa ba a yi ba.

A waje muka haɗu da wani Alhaji ɗan Maraɗi. Ya ce a wannan yanki aka taɓa killace fataken Turawa a bakin kogi, suna lodin siliki da ganyen shayi da tangaran, kuma matansu ba sa shiga gari. "Hajiya, da a zamanin ne, can a garin Macau za a ajiye ku."

Gwaggo ta ce, "Da sun yi asarar kwastoma."

Ranar Juma'a muka je wani tsohon masallaci. An ce da hasumiyarsa jiragen ruwan Larabawa da Farisawa suke gane gari. Yanzu kogin ya ja baya, benaye sun kewaye ta, tana nan a tsaye. Gwaggo a kan kujera ta yi salla, kuma da ƙyar na ɗaga ta. A nan na san da gaske take, tafiyarta ta ƙarshe ke nan.

Mun dawo Kano lafiya. Abin da na gane shi ne garin nan ya ga fatake iri-iri, gaggawar wata yarinya ba za ta motsa shi ba. Shago dai ba za a rufe ba. Na karɓi mukulli, kuma kafin azumi zan koma saro kayan salla, ni kaɗai.