Geron da Na Wanke wa Tsuntsayen Mai Gidana

'Yata ce take rubuta wannan, ni ina faɗa, don ban taɓa riƙe alƙalami ba. Na ce mata ta bar maganata yadda ta fito, har wuraren da kuka ya tsayar da ni.

Gidanmu a unguwar Ƙuba yake, a garin Manzo, bayansa wata tsohuwar gonar dabino. Fiye da shekara talatin mai gidana yana ciyar da tsuntsayen gonar nan. In ya dawo daga sallar asuba sai ya watsa hatsi a wani tsohon tire a gindin katanga, ya cika kasko da ruwa, ya zauna a kujerarsa. Kurciyoyi ne ke fara sauka, gwara su biyo baya da hayaniyarsu. Ni ban taɓa sa hannu ba. Har tsiya nake masa, in ce ya fi sanin cikin kurciya a kan nawa.

A asibiti, kwana biyu kafin ya cika, ya riƙe hannuna ya ce, "Kada tiren nan ya wayi gari babu komai." Bai bar mini wata wasiyya ba sai ita.

Na shiga takaba. Hatsin da ya bari ɗan kaɗan ne a wata jakar yadi, kwana huɗu ya ƙare. 'Yata, wadda ke aiki a kantin magani a unguwar Jurf, ta sayo mini buhun gero guda, ta ce, "Ummi, wannan zai kai ki har ki fita. Halas, shi ke nan."

Da na kwance buhun sai na ga ƙura, ga ƙaiƙayi, ga tsakuwa. Uwata ta koya mini ba a miƙa wa baƙo gero haka. Kuma wannan sadakar mamaci ce, na ce dole ta fi komai tsabta. Ga ni zaune ba aikin yi sai tunani, hannuna na neman abin kamawa. Na bakace shi a faifai, na surfa a ɗan turmina, na wanke, na rege tsakuwar. Ban shanya a tsakar gida ba don kada su cinye shi rana ɗaya, sai na baza a kan zane cikin ɗaki. Bayan kwana biyu na taɓa na ji kamar ya bushe, na juye a bokitin roba mai murfi, na danne murfin. Geron ya yi fes, har na ji daɗi a raina, karo na farko tun rasuwar.

Wajen mako uku bayan haka na fito da asuba na tarar da kurciya a gefen kasko, ƙafafu a sama. Na ce ko tsufa ne. Na binne ta a gindin lemon tsami. Washegari gwara biyu. Jibinsa wata kurciyar tana zaune a ƙasa, gashi a tashe, na matso ba ta tashi ba.

Nan garin Manzo ne, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, inda ba a farautar tsuntsu, ba a ko firgita shi. Ga shi suna mutuwa a gidana, daga hannuna, a kan sadakar mutumin da bai taɓa kashe ko ɗaya ba.

'Yata ta ce wataƙila wani maƙwabci ne ya sa maganin ɓera. Ta ce in daina zuba komai sai mun gane. Na daina. Safiya biyu suka jera a kan katanga suna kallon tiren, ni kuma ina bayan labule ina kallonsu. A ta ukun ba su kai rabi ba.

"Sai na ga wanda yake sayar wa marigayi hatsi," na ce wa 'yata. "Shi zai san abin da yake ba su."

"Ina ne dukkan ɗin, shagon nasa? In je."

Ban san sunan wurin ba, ba na karanta allo. Sau ɗaya tak na taɓa raka shi, shekaru da yawa baya. Da ido kawai zan gane. Ke nan sai na fita da kaina, alhali ko rabin takaba ban yi ba.

"Malamai sun ce ya halatta da rana, in da buƙata," in ji 'yata.

"Uwata ko ƙofa ba ta leƙa ba a tata takabar. Kuma wa zai yarda tsuntsu buƙata ne?"

"To ki zauna."

Ban zauna ba. Da hantsi na lulluɓe, na ɗebi geron a kwano, na shiga motarta. Wata maƙwabciyarmu tana bakin ƙofarta, ta bi mu da kallo har muka karya kwana. Na san kafin azahar unguwa za ta ji.

Hanyoyin duk sun canja. Inda na san dabino yanzu benaye ne. Muka zaga sau uku, 'yata tana ta "Hina? Nan ne?" ni ina girgiza kai, kwanon na rawa a cinyata. Na riga na ce mu koma sai na hango tattabaru sun yi layi a kan wani rufi, da gwara suna tsince-tsince a bakin wata ƙofa. Na ce ta tsaya.

Mai hatsin tsoho ne, mutumin Damagaram, zaune tsakanin buhuna. Na kwatanta masa mai gidana, dogo, mai jakar yadi. Fuskarsa ta washe.

"Abokin faɗana na ranar Alhamis. Ina ya shige? Ko ya samu mai gero da ya fi ni?"

'Yata ce ta gaya masa. Ya cire hularsa ya mayar, ya yi salati. Sannan na miƙa masa kwanon, na faɗi abin da ke faruwa.

Ya zuba a tafin hannu, ya sansana, ya tauna ƙwaya ɗaya ya tofar.

"Hajiya, wa ya wanke wannan?"

"Ni."

"Kika rufe a me?"

"A roba."

Ya murza geron ya nuna mini a haske. Wani toka-toka ne a jikinsa, kamar gari. Fumfuna. Ni da kuka ya toshe mini hanci, ga idon tsufa, ga duhun asuba, ban gani ba, ban ji ba.

"Fura za ki dama musu?" ya ce a hankali, ba da faɗa ba. "Kin girmama su ya yi yawa. Tsuntsu da dusarsa yake son gero. Tsakuwar ma yana haɗiya, da ita yake niƙa. Ruwa kuwa in ya shiga ƙwaya aka rufe ta a zafin garin nan, ta zama guba."

Na tambaye shi ko ina da zunubi. Ya ce shi mai hatsi ne, ba mufti ba, amma bai taɓa ganin an kashe abu da irin wannan wahalar hidima ba. Sai na fashe da kuka a gaban buhunansa.

Ya bari na gama, sannan ya nuna mini yadda mai gidana yake yi. Yakan tura hannu cikin buhu har gwiwar hannu, don sama na iya bushewa ciki da danshi. Ya ce in tura. Na ji sanyi, ƙwayoyin na zamewa. Ya ce in tauna, na ji ƙas. Gero kashi uku, tsakin dawa kashi ɗaya. Alkama kuwa mai gidana ba ya yarda da ita, wai tana jawo tattabaru su kori ƙananan, kuma a kan wannan suke faɗa duk Alhamis. Na mako ɗaya kawai yake saye, a jakar yadi, don hatsin ya sha iska.

Jakar nan na kusa haɗa ta da tufafinsa na sadaka. Na sayi na mako ɗaya, da muka koma na zaro ta daga ƙasan akwati na juye a ciki. Na wanke tiren da kaskon da tafasasshen ruwa, na bar su a rana. Tsohon geron 'yata ta ƙulle ta tafi da shi inda tsuntsu ba zai kai ba.

Da asuba na zuba. Ba wanda ya sauko. Washegari ma haka, sai tururuwa. Na zauna a kujerarsa, abin da ban taɓa yi ba, na ce ko sun saba ganin mutum a wurin. Rana ta uku gwara ɗaya ta dira, ta ɗauki ƙwaya ta gudu. Kafin rana ta haye katanga sun kai goma.

Kurciyoyi sun fi daɗewa, kuma har yau ba su koma yawansu na da ba. Tsuntsaye huɗu na binne a gindin lemon tsamin nan, ina ganin wurin duk safiya. Maƙwabciyata ta yi maganarta, na kuma ji. Sauran takabar 'yata ce take zuwa duk Alhamis da jakar. Yanzu ni nake zuwa, in tura hannuna cikin buhu, tsohon ya ce in ƙara alkama, in ce masa a'a.