Makarantar Bakin Rijiya ta Yaya Ɗalhatu

Shekara takwas ke nan da rasuwar yayana, Malam Ɗalhatu, malamin firamare a wani ƙauye kusa da Kurawa. Allah ya jiƙansa da rahama.

Da rani ajinsa kan watse, don iyaye sun tura yara shayar da dabbobi. Wasu in sun tafi, sun tafi ke nan. Shi kuwa ba ya faɗa da iyaye. In an tashi makaranta sai ya cika aljihu da gawayi ya nufi rijiya, inda yara ke jiran layin guga. Jikin kwamin siminti shi ne allonsa. Wanda layinsa ya zo ya je ya ja ruwa, ya dawo ya ci gaba daga inda ya tsaya. Ni ƙanwarsa, tsokana nake yi, ina kiransa malamin jakuna. Sai ya yi murmushi ya ce, "In ɗiya ba su zo makaranta ba, makaranta ta tai ta ishe su."

Yau ƙauyen ya tashi. 'Yan bindiga sun kore mu, muna raɓe a Sabon Birni, rijiyar kuma ba mai zuwa. Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga 'yarsa Nana, wadda ya bari tana rarrafe, a hannuna, ba ta iya rubuta ko sunanta ba. Ajinta ɗaya muka gudo. Kullum tana layin famfo da jarka, kuma wannan abu yana hana ni sukuni. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, ga nawa yana bushewa ina kallo.

Kwanan baya ta riƙa daɗewa wajen ɗibar ruwa, tana dawowa da hannu baƙi ƙirin. Na bi ta da faɗa a bakina. A can na tarar da Rabi, ɗaya daga cikin yaran rijiyar nan, yanzu uwar 'ya'ya, tana rubutu da gawayi a bangon famfo, yara sun ajiye jarkoki a layi sun kewaye ta.

"Gwaggo, haka Malam yay yi muna," in ji ta. "Abin da ni iya za ni ba su."

Na san bangon famfo ba zai maye gurbin aji ba, shi ma da yana raye da ya faɗi haka. Amma alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Yaya bai bar gadon gida ba, bai bar na shanu ba. A ranar, Nana ta ja ni ta nuna mini jarkarta, inda ta yi alama don kada a musanya mata. Sunan babanta ta rubuta, da hannunta, haruffan a karkace.