Abu Nimr, Mai Tonowa Ya Binne

Shekara arba'in da ɗaya Jiryis ya yi yana haƙa a tsaunukan Galili, amma ko rijiya ɗaya bai taɓa ginawa ba. A ƙauyensu Abu Nimr kowa ke kiransa, da sunan ɗansa na fari. Yana ɗan shekara sha tara masu binciken kufai suka zo neman ma'aikata, suka damƙa masa diga da baro. Waɗanda suka shiga tare da shi tuni sun watse, wasu sun koma gini a birnin Haifa, wasu tuƙin mota. Shi ya nace, har ya tashi daga diga ya koma buroshi da cokalin magini, wanda a wannan sana'a ba ƙaramin girma ba ne.

Aji shida ya yi a makaranta, amma hannunsa ya yi karatu mai zurfi. Sai ya ɗauki guntun kasko, ya murza da babban yatsa, ya faɗa maka zamaninsa. In ya ga fasassun kofuna na farin dutse, kuma babu ƙashin alade a juji, sai ya ce, "Gidan Yahudawa ne." Ɗalibai su kwashe kayan, su yi wata shida suna aune-aune, su dawo su faɗi abin da ya riga ya faɗa. Bai taɓa yi musu gori ba, sai dai a bayan idonsu.

Inda ya fi gwaninta shi ne daɓen tsakuwa, irin wanda mutanen dā ke jera ƙananan duwatsu masu launi su fitar da zane a ƙasan wurin ibada. Goma sha huɗu ya tono, na majami'un Yahudawa da na cocin Kiristocin farko, kuma duk da hannunsa ya sake binne su. Haka aikin yake. In an auna an ɗauki hoto, sai a shimfiɗa ƙyalle, a zuba yashi, a mayar da ƙasa, saboda ruwan hunturu da masu ɗan hali. Wannan ne matarsa Zahiyya, wato Ummu Nimr, ta kasa ganewa.

"Mijin kowa yana da abin nunawa," in ji ta ga maƙwabta. "Nawa ya tono, ya binne, ya kawo min wanki."

Ya sha ce mata ta zo ta gani. Da farko yara ne suka hana, sannan tanderun gurasa, sannan gwiwa. Kullum amsarta ɗaya, wai ƙasa ba ta gudu. Shi ma bai matsa ba, don a ransa ko yaushe akwai baɗi.

Bana suka buɗe daɓen wani ƙaramin coci a kan tudun da ke kallon tafkin Galili, kuma Abu Nimr ya rantse bai taɓa tono mai kyansa ba. A watan ne likitan ido a birnin Nasira ya gaya musu gaskiya. Ciwon suga ya riga ya cinye idon Zahiyya na hagu, na dama kuma da wuya ya kai girbin zaitun. Ranar Alhamis za a binne daɓen. Tsoro ya kama Abu Nimr, tsoron kada matar nan ta makance ba ta taɓa ganin abin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa a kai ba.

Ya sami shugabar aikin, Dokta Tirza, a ƙarƙashin rumfa tana cike takardu, ya roƙe ta a bar Zahiyya ta zo ta ga daɓen.

"Abu Nimr, ka san doka," ta ce. "In na bar mutum ɗaya, gobe ƙauyenku kaf zai hau tudun nan."

"Dokar ai ni na koya miki, shekarar da kika zo mana da silifa."

"Kai dai ba ka mantuwa."

"Mace ɗaya ce, Dokta. Ido ɗaya."

Ta ajiye biro ta dube shi. "Alhamis da safe, kafin motar yashi ta iso."

Shawo kan Dokta wasa ne, aikin yana gida.

"Ka kawo min hoto mana," Zahiyya ta ce, tana murza ƙullu.

"Hoto ƙarya yake yi."

"To kai fa? Shekara arba'in ina jin labarin tsuntsaye a ƙarƙashin ƙasa."

"Ki zo ki ƙaryata ni a gaban mutane."

Wannan tayin ne ta kasa ƙi. Ranar Alhamis ta fito da rigarta ta zuwa coci, da kwandon gurasa mai za'atar, garin ganyen ƙamshi da riɗi, don ba za a ce ta je wurin maza masu aiki hannu rabbana ba.

Mota ta tsaya a gindin tudu, nan hanya ta ƙare. Zahiyya ta yi taku ashirin, gwiwa ta ce atafau. Sai ga Salman, tsohon abokin aikin Abu Nimr, ya gangaro da baro an shimfiɗa buhu a ciki.

"Ni Zahiyya 'yar Hanna a baro? Siminti ce ni?"

"Haba Ummu Nimr, baron nan ya ɗauki kan ginshiƙin Rumawa bai yi ƙorafi ba."

"Allah ya shirye ka, Salman. In kuka kifar da ni, gurasar nan ba mai ci."

Haka aka hau da ita, tsofaffi biyu suna turawa suna haki, ita tana rungume da kwando tana ba su umarni.

A sama Abu Nimr ya kama hannunta ya kai ta bakin ramin. Ta tsaya, ta karkata kai don idon dama ya samu. Ta daɗe a haka.

"Wannan ne? Tsakar gidana ta fi shi." Sai muryarta ta yi ƙasa. "Jiryis, toka kawai nake gani."

Shi da ya san kowace tsakuwa ya manta cewa busasshen daɓe duk launin ƙura ne ga wanda bai saba ba. Ruwa ke tayar da launin, amma sau ɗaya ake jiƙa shi, don mai ɗaukar hoto, kuma an riga an yi wannan tun Talata. Ya waiwayi Dokta Tirza. Ita kuwa nan take ta ga wani abin kallo a kan tafki, ta juya musu baya.

Ya durƙusar da Zahiyya a kan buhu, ya tsoma soso a bokiti, ya shafa a hankali. Ja ya taso, sai kore, sai ruwan ƙwai. Ta sunkuya har hancinta ya kusa taɓa ƙasa.

"Rumman ne!" ta ce. "Ga ganyensa. Wannan kuma fakara ce. Dubi munafuka, satar rumman take yi."

"A cikin coci ma kuwa," in ji Salman.

Zafin ranar Galili ba ya jira. Tun suna dariya danshin ya fara janyewa daga gefe, fakarar ta dushe, rumman ya koma toka.

"Ƙara," ta ce.

Ya ƙara. Ya matsa gaba ya jiƙa mata kifi biyu da kwandon inabi, ita tana bin sa da gwiwa, ta manta da ciwon. Can ƙasa motar yashi ta iso tana ta oda, ba wanda ya kula. Da bokitin ya ƙare, Salman ya ɗauko jarkar ruwan shansu ya juye.

Zahiyya ta ɗora tafinta a kan jiƙaƙƙen rumman ɗin, ba ta ɗago ba.

"Duk shekarun nan kai kaɗai kake ganin wannan?"

"Na sha ce miki ki zo."

"Ba ka ce min ja ne haka ba."

Abu Nimr ya share fuskarsa da hannun riga, ya sake tsoma soson.