Ranar Da Na Kira Mahaifina Jahili

A lokacin da abin nan ya faru ina ɗan shekara goma sha takwas, ina ajin ƙarshe a makarantar sakandare ta kwana, zamanin da Turawa ke riƙe da ƙasa. 'Yan boko a layinmu na Tudun Wada ba su fi a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba, ni kuwa a cikinsu ni ne na fi nisa, saboda haka kaina ya kumbura ƙwarai. Idan na zo hutu, da gajeren wando da doguwar safa nake zaga unguwa, littafi a hammata ko da kuwa kasuwa aka aike ni sayen daddawa. Yau na tsufa, na daɗe da ajiye aikin gwamnati, kuma ina rubuto muku ne saboda wata kalma guda ɗaya da na faɗa wa mahaifina, wadda na yi shekara da shekaru ina jiran ranar da zan roƙe shi gafara a kanta.

Babanmu malami ne, mutum siriri marar yawan magana. Da safe yana ba magidanta karatu a zaure, da hantsi kuma ya shimfiɗa fata ya shiga sana'arsa, wato ɗinkin gafaka da tadarishi, bangon fatar nan da ake naɗe littattafan Larabci a ciki. Littattafai irin nasa ba a ɗinke su. Warƙa warƙa suke, a jere, kuma a ƙasan kowace warƙa marubuci yakan rubuta kalmar farko ta warƙar da ke biye, ta yadda ko iska ta watsa su sai a bi kalmomin nan a mayar da kowace wurinta. Bai iya boko ba ko harafi ɗaya, amma shi ne ya tsaya kai da fata aka sa ni makaranta, har wasu abokansa suka yi wata guda ba su zo zaurensa ba. A wurinsa takarda takarda ce, ko da wane irin rubutu ne a kanta. Bai taɓa tsallake takarda a ƙasa ba, sai ya duƙa ya ɗauke ta ya soke a katanga.

A shekarar nan aka ba mu hutun mako biyu mu je gida mu yi bita kafin babbar jarrabawa, wadda takardunta daga Ingila ake aiko su a liƙe. Darasin da ya fi ba ni tsoro shi ne na adabin Turanci. Littattafai biyu aka ɗora mana, ɗaya na waƙoƙi, ɗaya kuma wani dogon ƙagaggen labari mai shafi wajen ɗari uku, na wasu 'yan'uwa biyu da suka ɓata a kan gonar gado. Gaskiyar da ban taɓa faɗa wa kowa ba a lokacin ita ce ban gane labarin nan ba. Hadda kawai nake yi. Na iya zuba maka shafi guda da ka, amma in ka tambaye ni wane ne ya auri wa, sai in soma sosa ƙeya. Littafin na makaranta ne, aro aka ba ni, kuma ya sha hannu har ya gaji, bayansa ya tsage, gefunansa sun yi baƙi sun nannaɗe.

Rana ta uku da zuwana na bar shi a kan tabarma a zaure, na tafi unguwar Kongo wurin wani abokin karatuna, na biye wa hira ban dawo ba sai bayan azahar. Ashe Baba ya ga littafin ya tausaya masa. Ya yanke zaren, ya raba shi warƙa warƙa, ya baza a tabarma ya kankare tsohon danƙon da ƙwari ke ci, sannan ya sa wuƙarsa mai kaifi ya datse gefunan da suka lalace har suka daidaita. Ya kuma yanka jar fata mafi kyau da yake da ita ya soma yi masa tadarishi. Da ya zo haɗawa ne ya duba ƙasan warƙoƙin, bai ga kalmar da zai bi ba. Sai ya tattara su yadda suka zo hannunsa, yana ganin ai da na dawo aikin ɗan lokaci ne. Bai san cewa 'yan alamun nan da ke kusurwar sama, waɗanda wuƙarsa ta tafi da mafi yawansu, su ne lambobin shafi ba.

Na shigo na same shi da murmushi, ga magidanta biyu daga cikin ɗalibansa, ga wani maƙwabcinmu tela. Ya miƙo mini da hannu biyu, ya ce ga littafina ya sami sutura irin ta 'yan'uwansa. Na buɗe na ga farkon labari a tsakiya, na duba kusurwa na ga babu lamba, sai idona ya rufe. Saura kwana goma sha ɗaya jarrabawa, ga kuma Baturen malaminmu da zan mayar wa littafi. Ban ma tsuguna ba. A tsaye na ce masa wa ya sa shi, me ya kai shi taɓa abin da bai sani ba, na ce wannan aikin jahili ne, kuma jahilci irin wannan shi ya hana ƙasar nan ci gaba. Wannan jimla ta ƙarshe ma ba tawa ba ce, a aji na tsince ta. Telan nan ya miƙe ya nemi takalmansa, ɗalibai suka sunkuyar da kai. Baba ya janye hannayensa ya ɗora a kan gwiwa, ya dubi wuƙar da ke gefensa.

Inna ta ji komai daga tsakar gida. Da na shiga ba ta yi mini faɗa ba, ta ajiye mini tuwo ta juya baya tana share ido da gefen zane, abin da ya fi mini duka ciwo. Jikina ya yi sanyi tun a lokacin, na kuma san abin da ya kamata in yi, amma sai na ce a raina bari gobe, idan ransa ya huce.

Da goben ta yi, shi ya riga ni. Bayan ya sallami masu karatu ya kira ni da sunan da yake kirana tun ina ƙarami, ya ce in ɗauko takardun mu gyara ɓarnar da ya yi. Ya ce tunda babu lamba, sai mu bi ma'ana: in karanta ƙarshen warƙa, in gaya masa da Hausa abin da ake ciki, sannan mu nemi wadda ta ɗora daga nan. A nan asirina ya tonu. Na karanta Turanci tiryan-tiryan, da aka zo fassara na soma kame-kame. Bai yi dariya ba. Ya ce in sake, a hankali, gaɓa gaɓa, yadda ɗalibansa ke biya masa karatu. Kalmar da ta gagare ni mu buɗe ƙamus, wadda ta gagari ƙamus ya ce in wuce, gaba za ta bayyana kanta. Duk warƙar da muka gano maƙwabciyarta, sai ya ce in furta masa kalmar farko, ya tsoma alƙalaminsa na kara a tawada ya rubuta ta da ajami a ƙasa, yadda kunnensa ya ji ta.

Kwana takwas muka yi a haka, daga hantsi zuwa la'asar, bai taɓa fata ba. Kafin kwana uku ya fi ni riƙe labarin. Sai in ɗauko warƙa in ce wannan ce ke biye, ya girgiza kai ya ce ba zai yiwu ba, ai ga ƙanen nan yana zaman makoki alhali tsohuwarsu ba ta ma kwanta ciwo ba tukuna. Wani lokaci ya ajiye alƙalami ya ce in tsaya, me ya sa wan ya ƙi karɓar gaisuwar ƙanensa a bakin coci, ni me na gani. Ban taɓa sanin ana tambayar ɗalibi abin da ya gani ba. Har cikin gida yake kai labarin, in ji Inna tana tambayarsa ko Turawan nasa sun shirya, yana ce mata da saura, su ma ashe zuciya gare su kamar tamu. Littafin waƙoƙin kuwa bai taɓa shi ba, ya ce in riƙe da kaina in rera. Ba ya jin ko kalma, amma yana buga yatsa a gwiwa, duk inda na haɗiye gaɓa sai ya tsayar da ni ya ce baitin nan ya karye, mai waƙar ba zai bar shi haka ba. In duba in ga gaskiyarsa. A cikin kwanakin nan sau da yawa maganar takan zo mini har baki, sai in dube shi in ga yana fara'a, in ce ai ya wuce, kada in tayar da abin da ya kwanta.

Na ci jarrabawa, kuma a adabin nan na fi samun maki, domin tambayoyin duk irin nasa ne, me ya sa wane ya yi kaza, kai me ka gani. Da na mayar da littafin ina ɗari-ɗari, Baturen ya jujjuya shi, ya shafa fatar, ya daɗe yana kallon ajamin, ya tambaye ni wane gwani ne ya yi wannan aiki. Na ce masa wani dattijo ne a cikin gari. Har yau in na tuna amsar nan sai in ji kunya ta rufe ni.

Daga nan aiki ya ɗauke ni, yau wannan lardi gobe wancan, na yi aure, na haifi 'ya'ya. Ina yi wa Baba duk abin da ɗa ke yi wa uba, riga da rawani da ragon layya, ina ganin kamar su za su faɗa masa abin da bakina ya kasa. Shi kuma bai taɓa canza mini fuska ba. Abu ɗaya ne ya canza. Tun daga ranar nan bai sake taɓa takardar boko ba. Idan na zo gida na bar jarida a kan tabarma, sai ya kewaye ta ya zauna a can gefe, ko ya kira ni ya ce in zo in ɗauke kayana kada a ɓata mini. Wasiƙata ma idan ta iso, ba ya buɗewa, sai ya sa a kira mai karantawa ya buɗe da hannunsa. Ina ganin wannan duka, ina jin zafinsa, kuma duk zuwa sai in ce wannan karon zan yi magana, duk komawa sai in ce sai zuwa na gaba.

Shekara ashirin da ɗaya ana haka, sai aka bugo mini waya cewa jikinsa ya yi tsanani. Tun daga jirgi nake shirya kalmomina. Na iso da la'asar na same shi kwance a ɗakinsa, ya rame, amma hankalinsa garau. Na durƙusa na kama hannunsa, na buɗe baki ke nan sai ya riga ni, kamar yadda ya saba. Ya ce akwai wani haƙƙina da ke wuyansa wanda ba ya so ya tafi da shi. Ya ce littafin nan da ya yanka mini ba da izinina ba, ya jefa ni cikin tashin hankali ana gab da jarrabawa, bai taɓa neman afuwata a kai ba, don Allah in yafe masa. Kun san yadda ake yi, idan marar lafiya ya nemi gafara ba a ja masa rai. Kafin in yi tunani bakina ya ce na yafe. Ya yi hamdala, ya saki ajiyar zuciya, ya lumshe ido. Kuka ya ci ƙarfina, na ce bari in natsu in faɗi tawa. Sai ga dattawan unguwa sun yi sallama sun shigo dubiya, ɗaki ya cika, na matsa na ba su wuri. Kafin su fita ya daina magana, bai kuma sake yi ba har Allah ya karɓi abinsa.

Abin da na koya, a makare, shi ne mutumin da na kira jahili shi ya koya mini karatu, makaranta haddar shafi kawai na iya a cikinta. Na kuma koyi cewa fara'ar iyaye ba ta nufin maganar ba ta shige su ba, kunyarmu kawai suke ji, suna rufa mana asiri. Ina kira ga yaranmu masu bitar jarrabawa, waɗanda tsoron faɗuwa ke sa su tsawa a gida, da ku manya masu takardun shaida a bango: ku kiyayi harshenku a gaban wanda ya kai ku makarantar da shi bai shiga ba. In kuwa kalma ta riga ta fita, kada ku aika riga ta yi muku magana, kada ku jira zuwa na gaba. Ku tashi yau ku durƙusa ku faɗa da bakinku. Ni na jira, har ya zamana maganar ƙarshe da ta shiga tsakanina da mahaifina ita ce shi yana roƙona gafara, ni kuma ina cewa na yafe.